Gurbin Sunan Magini

Duk zanen da Hawaja ya yi, sai ya bar wani ɗan gurbi a kusurwar takarda ta ƙasa, hannun dama, wanda bai fi faɗin akwatin ashana biyu ba. A nan yake rubuta sunan wanda ya gina gidan. Ba sunan mai gida ba, wannan kowa ya sani, a Jidda da shi ake kiran gida. Sunan wanda ya ɗora dutse a kan dutse yake nema. Akwai zane guda da gurbinsa na mahaifina ne, kuma kalma ɗaya kawai ake bukata daga bakina a ba shi abinsa, na hana. Yau na wuce shekarun da mahaifina ya rasu a cikinsu, har yanzu abin bai daina cina ba.

Hawaja shi ne sunan da mutanen Jidda ke kiran kowane Bature da shi, amma a ofishinmu in aka ce Hawaja, mutum ɗaya ake nufi. Ɗan Italiya ne, dogo, siriri, ya haura hamsin, wuyansa ya riga ya karkata gaba saboda duƙawa a kan tebur. A farkon shekarun sittin na lissafin Nasara na same shi a ofishin wani ɗan kwangila, inda na shiga aikin akawu. Lokacin Jidda ta haukace da siminti. Duk wanda ya samu abin hannu sai ya bar tsohon gari ya nufi hanyar Madina, yana son gida mai baranda da gareji. Hawaja ke zana musu. Yana yi da kyau, babu wanda ya taɓa mayar masa da aiki, amma in ya gama sai ya ture takardar gefe da bayan hannu, kamar wanda ya gama cin abincin da ba gishiri.

Ban taɓa ganin mutumin da ke lallaɓa takarda kamarsa ba. Da reza yake fiƙe fensir, sannan ya goga bakinsa a kan 'yar takarda mai yashi har sai ya yi tsini. Yakan ɗaure hankici a kowane wuyan hannu don kada gumi ya ɗiga, kuma in rana ta take ba ya jan layin tawada, wai danshin teku yana kumbura takarda, awo ya ɓaci. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne burodi. Tsakiyar burodin karin kumallonsa yake cirewa, ya mulmula, ya riƙa birgina shi a kan zane yana ɗebe datti. Tsohon da ke dafa mana shayi, mutumin Yaman, ya yi ta istigfari, ya ce wannan wulaƙanta abinci ne. Da Hawaja ya ji, sai ya fara tara mulmulen a faranti, in an tashi aiki ya kai wa tantabarun bakin titi, ya dawo ya nuna wa tsoho farantin. Daga nan suka shirya.

Ni kuwa a lokacin ina da shekara ashirin da takwas, da mata da 'ya ɗaya, da wando da kwat da na saya a gwanjo, da girman kai wanda ya fi kwat ɗin nauyi. A Ruwais aka haife ni, unguwar bakin teku inda iyayenmu da suka zo hajji da ƙafa suka kafa bukkoki suka zauna. Turanci a tashar jirgin ruwa na tsince shi, shekara shida ina yi wa wani wakilin jirage hidima, shi ya sa aka ɗauke ni. Sauran akawunan 'yan Masar ne da 'yan Sham, masu man gashi. Baƙar fata ba ta ɓoyuwa, kowa ya san ni Takruni ne, kamar yadda suke kiranmu, amma akwai Takruni akwai Takruni. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni sana'ar mahaifina, bakina ya riga hankalina, na ce fataucin yadi yake yi tsakanin Makka da Jidda. Babu wanda ya tilasta ni. Sau ɗaya na faɗa, shi ke nan ta zame mini kaya, kullum ina dakonta.

Baba magini ne. Yana saurayi ya baro ƙasar Hausa shi da ƙanwarsa, Gwaggo, suka yi shekaru a hanya suna aiki suna gaba, kuma a wani garin bakin teku a Sudan ya koyi gini da dutsen teku, wannan farin dutse mai ramuka da ake sarowa a gaɓa. Da ya haye Jidda ya tarar da irinsa ake gini, sai ya shiga ƙarƙashin wani mu'allim, wato ubangidan magina. Da ɗaukar dutse a ka ya fara, ya ƙare shi ke ɗorawa. Hannuwansa sun yi kaushi har ba ya jin zafin kofin shayi. Da siminti ya zo aikinsa ya mutu, ya koma gyaran katangun maƙwabta da zaman ƙofar masallaci.

Ni ne ɗansa na fari, kuma Baba bai yar da kunyar ɗan fari a hanya ba, har Jidda ya zo da ita cif. Bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya zama inda nake, ba ya yi mini magana kai tsaye. Ina tsaye a gabansa zai ce wa Gwaggo, a gaya wa wancan gawayi ya ƙare. Innata ta rasu ina ƙarami, Gwaggo ce ta raine ni, ita ce kuma 'yar aiken da ke tsakaninmu, sai dai 'yar aike ce mai ƙara nata a kai. Ni ma, kamar kowane ɗa mai tarbiyya, ban taɓa furta sunansa da bakina ba. Ban ga laifin wannan al'ada ba, ko yanzu ban gani ba. Na faɗe ta ne don a san abin da na fake da shi daga baya.

Ranar Juma'a ba aiki, kuma ita ce ranar Hawaja. Tun da sassafe yake shiga tsohon gari da allonsa da tef ɗin awo, yana zana gidajen da aka bari suna mutuwa, masu hawa huɗu da biyar, masu tagogin katako da ake kira roshan, inda mata ke zama su ga titi titi bai gan su ba. Babu wanda ya sa shi. Larabcinsa kaɗan ne, kuma a karkace, masu gadin gidaje ba sa gane shi, sai ya roƙe ni in riƙa raka shi zuwa lokacin salla. Na yarda da gudu. Tafiya kusa da Bature a cikin kasuwa, mutane suna kallo, ai a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Zanen Juma'a daban yake da na ofis. Gida ɗaya yakan zana shi ta gaba, ya zana shi ta sama, sannan ya tsaga shi biyu kamar kankana, ka ga ɗakuna da matakala da inda ake ajiye tulunan ruwa. Roshan guda sai ya cinye masa safiya, don kowace huda ta katako sai ya ƙirga. Mutane ne kawai ba ya sakawa, ya san ba a so. In yana son a gane tsayin ƙofa, kyanwa yake zanawa a gindinta, kuma tsohon gari bai taɓa rasa kyanwar da za ta zauna masa ba.

A irin waɗannan safiyoyi, a kan kujerun igiya na gidan gahawa, na tsinci labarinsa gutsure-gutsure. A wani ƙauye na kan tsauni aka haife shi. Ya yi karatun zanen gini yana burin gina makarantu da asibitoci, sai gwamnatinsu ta tura shi Eritiriya, can ya fara ganin ginin dutsen teku. Yaƙi ya zo, aka tsare shi shekaru a sansani, inda ya ce ya zana duk gidajen ƙauyensu da ka, a bayan takardun da ake liƙa wa gwangwani, don kada ya zautu. Da aka sake shi ya koma gida ya tarar da rabin ƙauyen a ƙasa, matarsa kuma ta rasu. Bai iya zama ba. Ya ce mini shi mai zanen gini ne da bai taɓa gina abin da zai yi marmarin komawa ya gani ba, shi ya sa ya koma zana na waɗansu.

Na tambaye shi dalilin gurbin nan na kusurwa, don yana ba mu wahala. Gida ɗaya sai mu yi mako biyu muna bin tsofaffi kafin a tuna wanda ya gina. Ya daɗe yana juya kofinsa. Sannan ya ce mahaifinsa mai sassaƙa dutse ne, shekara arba'in yana gini a kwarinsu, gada da hasumiya da rijiyoyi, kuma a jikin kowanne akwai allo mai sunan wani hakimi ko attajiri, babu inda aka rubuta nasa. Ya faɗi wannan kai a sama, yadda mutum zai ce ubansa alƙali ne. Da ina da hankali, a nan zan ce nawa ma magini ne. Na buɗe baki, na tuna akawunan ofis da fataucin yadi, sai na kurɓi shayi.

Ana haka aka ce za a faɗaɗa wani titi, kuma wani gida mai hawa huɗu yana cikin waɗanda za su tafi. Masu shi sun riga sun tashi, mai gadi kawai ya rage. Ni na san gidan. Tun ina ƙarami, duk sanda muka wuce ta wurin sai Gwaggo ta nuna shi da haɓa ta ce, ga wahalar ubanka can a tsaye. Juma'a huɗu Hawaja ya yi a ciki. A ta biyu ya tsaya a gindin bangon da ke fuskantar teku, ya shafa, ya ja da baya, ya sake shafawa. Duwatsun ƙasa sun fi na sama sabunta. Wato wani ya cire gindin gida mai hawa huɗu ya sa sabo, gidan yana tsaye, babu tsaga ko ɗaya. Matakalar ciki kuma ya hau ya sauka ya fi sau goma yana ƙirgawa, yana magana shi kaɗai da yarensu. Ya ce lallai a nemo masa wanda ya yi wannan aiki in yana raye.

Na yi ta jan ƙafa. Na ce magina na wancan zamani duk sun mutu. Na ce zan tambaya. Na ce na tambaya ba a sani ba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai gadin, wani dattijo mai yawan magana, ya gane abin da ake nema, ya ce halas, wato shi ke nan da Larabcinsu, ai akwai wani tsohon Takruni a Ruwais da ya yi aiki a gidan, zai aika a kira shi Juma'a mai zuwa. Bai san dangantakarmu ba, alheri yake yi. Makon nan duka ina ganin Baba a tsakar gida safe da yamma, ban ce wa Gwaggo komai ba, shi ma bai aiko da komai ba. Na riƙa fatan ciwon ƙafarsa ya tashi ya hana shi fita, Allah ya yafe mini.

Ya zo. Muna awon ƙofar zaure na ji takun sandarsa. Babbar rigarsa ta salla ya saka, shuɗiya, wadda ba ta fitowa daga adaka sai sau biyu a shekara, ƙamshin turaren wuta yana binsa. Ya yi sallama, bai dubi inda nake ba, kuma wannan daidai ne, haka ya kamata uba ya yi. Abin da ya kamata ɗa ya yi shi ne ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ni a tsaye na gaishe shi, hannu a ƙirji, na ce sannu da zuwa ya ammi, wato baffa da Larabci, yadda ake gaida kowane tsoho a hanya. Ya amsa yana kallon bango. Hawaja ya cire hularsa ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya juya tafin ya duba, ya yi murmushi kamar ya ga ɗan garinsu.

Wajen awa biyu suka yi suna zagaya gidan, ni ina tsakani ina juya Hausa zuwa Turanci. Baba ba ya ce mini ka gaya masa, sai dai a gaya masa. A gaya masa bayan kowane jeri shida na dutse ana shimfiɗa itace a cikin bango, shi ke raba nauyi. A gaya masa da gishiri ya cinye gindin bangon nan, a kan waɗannan itatuwa aka rataye gidan, aka riƙa zare ruɓaɓɓen dutse kamu biyu-biyu ana cusa sabo, mutanen gida suna sama suna girkinsu. A gaya masa lakar daga ƙasan tafkin bayan gari aka ɗebo ta, kuma sai da ta kwana uku ana takawa. Matakala kuwa, ya ce an rage tsayin kowane taki a hawa na uku da na huɗu da faɗin yatsa ɗaya, saboda mai hawa ya riga ya gaji, kuma uwar mai gidan tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Hawaja ya duba littafin awonsa, ya buga shi a cinya yana dariya, don ya ga bambancin tun mako biyu, ya ɗauka kuskuren tef ɗinsa ne.

Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon wannan ba. Shekara ashirin da takwas muna gida ɗaya, ban san muryarsa tana iya sauri ba, ban san yana dariya haƙora a waje ba. Waɗansu wuraren ma ba su jira ni ba, ɗaya ya nuna da hannu ɗaya ya gyaɗa kai. Alfahari ya cika ni har wuya, amma tsoro ya fi shi ƙarfi. Mai gadi yana biye da mu, ga shi da baki, kuma yakan leƙo ofishinmu kawo wa Hawaja makullan gidan.

A saman soro muka ƙare, can ƙololuwar gidan, teku tana gabanmu. Hawaja ya buɗe allonsa ya nuna wa Baba zanen bangon, kowane dutse da ramukansa, har wani da ya ɗan karkace kusa da indararo. Baba ya kai yatsa zai taɓa, ya fasa, ya goge yatsan a riga. Sai Hawaja ya ɗora bakin fensir a gurbin kusurwa ya ce in tambaye shi, wa ya gina?

Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "A gaya masa aikin mu'allim ne, Allah ya jiƙansa. Mu dutse kawai muka miƙa."

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san ba amsa ba ce. Yabon kai jahilci, dattijo ba ya cewa ni na yi. Yakan ture abin daga gabansa, sai wani da ke wurin ya mayar masa, ya ce haba Baba, ai kowa ya san kai ne, shi kuma ya ce to, Allah ne ya yi. Haka ake yi, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ni kuma na san gaskiyar, don Gwaggo ta sha faɗa: lokacin aikin nan mu'allim ya tsufa, idonsa ya tafi, a inuwa yake zama da tasbaha, Baba ke gini. A saman soron nan babu wani Bahaushe sai ni. Da Baba ya gama magana, ya ɗan karkato kunnensa wajena yana jira.

Na juya wa Hawaja maganar kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Haka ne?" ya ce. "Mutumin nan ya san kowane dutse kamar 'ya'yansa."

Na ce, "Haka ya ce."

Ya ce to ko da sunansa ne a ba shi, ya rubuta a gefe. Na tambaya. Baba ya ce me Nasara zai yi da sunan lebura, wannan kuwa turewa ce ta biyu, ana yin ta. Na ce wa Hawaja tsoho ba ya so. Bai matsa ba. Ya san mutanenmu da yawa ba su da iƙama, takardar zama, suna gudun duk abin da za a rubuta. Ya rufe allo ya ce zai bar gurbin haka, shi ba ya sa tawada a kan abin da bai tabbatar ba. Sunan mu'allim ma bai nema ba. Aka kira salla. Baba ya sauka matakalarsa a hankali, shi kaɗai, yana dafa bango.

A hanyar masallaci na shirya wa kaina hujjoji masu kyau. Ai tafinta ba ya ƙara nasa. Ai ɗa ba ya furta sunan ubansa. Ai shi da bakinsa ya ce ba shi ba ne. Duk banza ne, kuma na sani tun ina shirya su. Fensir yana nan, takarda tana nan, sunan da ban iya furtawa ba kullum ina rubuta shi a bayan nawa a takardun hukuma. Ba kunyar Baba ce ta rufe mini baki ba, dariyar 'yan ofis nake tsoro.

Da la'asar Gwaggo ta tare ni a bakin murhu tana suyar gyaɗar da take kaiwa kasuwa. Ba ta san abin da ya faru ba, shi ya sa maganarta ta fi zafi. Ta ce tun ranar Talata yayanta ya sa ta fito da riga ta shanya ta turara, ya je aka yi masa aski, ya gaya wa abokan zamansa na ƙofar masallaci cewa Baturen yaron nan zai rubuta shi a takarda, za a kai ƙasar Turawa. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tsoho da rawar kai haka ba, sai ka ce ango. Na tambaye ta me ya ce da ya dawo. Ta ce ya cire riga ya ninke da kansa, ya ce yaron nan ya iya Turanci. Daga nan bai ƙara ba, abincin rana ma bai ci ba. Ta dube ni ta ce, to an rubuta ɗin? Na ce ana kai.

Gobe zan gyara, haka na ce wa kaina. Gobe ta zama wata, wata ya zama biyar. Kullum teburin Hawaja yana kusa da nawa, amma kullum akwai wani a ɗakin. Aka rushe gidan cikin 'yan kwanaki. Na je na tsaya daga nesa, na ga itatuwan da Baba ya faɗa suna fitowa daga bango lafiyarsu lau, masu gidajen burodi suna rububinsu don wuta. Baba bai je ba. Abokansa na ƙofar masallaci suka riƙa tsokanarsa, ina takardar, Alhaji, ko jirgin ya nitse ne? Yakan yi murmushi ya ce aikin Turawa ba a yi masa gaggawa. Na sha jin wannan da kunnena in na zo wucewa.

Sai Hawaja ya fara tari, idonsa na dama kuma ya soma hazo, layinsa ya daina tafiya daidai. Shi ya fara ganewa kafin kowa, ya ajiye aiki ya ce zai koma wajen 'yar'uwarsa. Ranar da yake haɗa kaya na same shi a ɗakinsa da hantsi, yana naɗe zanukan Juma'a yana zurawa cikin dogayen bututun kwano. Ba kowa sai mu biyu. Tun daga gida na rubuta sunan Baba a 'yar takarda da harufan boko. Na miƙa masa, na ce na yi bincike, tsohon nan shi ne ya yi bangon da matakalar, kawaici ne ya hana shi faɗa, haka al'adarmu take.

Ya ce shi ya sani tun a saman soro, shaida kawai ya rasa. Ya zaro zanen, ya shimfiɗa, ya danne kusurwoyinsa da kofuna, ya ɗauko alƙalamin tawada ya rubuta sunan a hankali da ido ɗaya, hancinsa kusan yana taɓa takarda. Ya jira ta bushe. Sannan ya sake duba 'yar takardar.

"Wannan ai shi ne sunanka na biyu," in ji shi.

Na ce, "Suna ne mai yawa a cikinmu."

Ya dube ni har na ji ƙeyata tana zafi. Ya naɗe zanen, ya ba ni hannu, ya ce ya gode da rakiyar Juma'a, a gaida tsoho. Ba mu sake haɗuwa ba, ko wasiƙa ɗaya ba ta shiga tsakaninmu ba, kuma ban san inda zanukan suka ƙare ba.

Duk da haka na koma gida da sauri, ina jin na sauke kaya. Baba yana kan tabarma a inuwar katanga yana gyaran igiyar guga, Gwaggo tana tsintar shinkafa. Na durƙusa daga nesa, na ce wa Gwaggo da ƙarfi yadda zai ji, an rubuta, da tawada, a gabana, gobe zanen zai shiga jirgi. Gwaggo ta rangaɗa 'yar guɗa ta ce halas, masu dariya sai su nemi wani aikin. Baba bai ɗago ba. Ya ƙarasa ƙullin da yake yi, ya ja ya gwada, sannan ya ce:

"Madalla. A tambayi wancan, Nasaran ya san ɗan wane ne ya kai masa?"

Gwaggo ta juyo tana jiran amsa, fuskarta a sake, don a wurinta tambaya ce mai sauƙi. Da na ce e, da ya karɓa, ko da bai yarda ba. Ƙarya ta sha fita daga bakina ba wahala, amma ranar ta ƙi. Na tsaya a durƙushe ina kallon ƙasa har Gwaggo ta ajiye faifanta.

"To," in ji Baba. "Allah ya yi albarka."

Ya ɗauki butarsa ya tafi alwala. Ya ƙara shekara biyu a duniya bayan wannan, muna gida ɗaya, ina gaishe shi safe da yamma yana amsawa, kuma bai sake aiko mini da wata tambaya ba.